Gotawan Bakin Ƙorama

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Tun Asabar suka iso, amma sai yau na tsaya na dube su da kyau a hanyata ta zuwa lakwal, makarantar da nake koyarwa. Sun sauka bakin ƙorama, ƙarƙashin itatuwan da matan garin suka dasa zamanin furojen dashen itace, sun ɗaɗɗaura tabarmi da tsofaffin buhuna a rassa. Mata da yara sun fi yawa. Akwai awaki, da jakai, da raƙumi guda mai miki a doro. Daga arewa suka fito, daga ƙauyen da ƙanena Usman yake koyarwa. Usman ba ya cikinsu.

Na kira wayarsa, a kashe take. Can dama ba a samun rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu.

Direkta Mahfuzu ya shigo mini da yarinya ɗaya daga cikinsu ajin sinkiyam, aji na biyu a sakandare. Sunanta Hamdiya. Baƙin mayafi mai shuni ta yafa, irin na matan wajensu, shunin har ya kama mata wuya da leɓe. Na ba ta bencin baya. Ba ta da kaye na rubutu, ba ta da biro.

Talata, 7 ga Nuwamba, da azahar

Yau darasin faɗuwar daular Rum. Na rubuta Goths a tabulo, na ce musu Faransawa "Go" suke faɗi. Aji ya kwashe da dariya, don a bakin samarin tasha go budurwa ce. Fahad, ɗan Alhaji Jima mai gonakin albasa, ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe Halidu, to da Hausa Gotawa ke nan?" (Mushe, wato monsieur, haka ake kiran malami a nan.) Na yi dariya ni ma. Na ce ya yi daidai, Gotawa, namiji Bagote, mace Bagotiya. Har na rubuta da alli.

Darasin ya yi mini daɗi, rabon da in ji haka an jima. Na ba su labarin yadda mutanen nan suka gudo daga mahayan da suka fi su ƙarfi, suka tsaya bakin babban kogi da matansu da yaransu suna roƙon Rumawa masauki. Aka bar su suka ƙetare, sannan ma'aikata suka riƙe abincinsu har yunwa ta sa suka ci naman kare. Ina magana ina tuna bakin ƙorama. So nake yaran su ji tausayi.

An buga ƙarfe muna tsaka. Fahad ya ce, "Daga baya hwa, Mushe?" Ina tattara takarduna na ce daga baya 'ya'yansu suka shiga birnin Rum suka washe shi. Suka fita da gudu.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da safe

Wayar Usman a kashe.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, bayan masallaci

Wani tsoho ya tare ni a ƙofar masallaci, dogo, siriri, idanunsa sun yi ja. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce shi ne Alƙasim, kakan Hamdiya. Ya daɗe yana kallon fuskata.

"Kai ne wan Mushe Usman. Goshinku guda."

Na ce ni ne, Baba.

"Gidana yake cin tuwo. In ka shirya, ɗana, ka taho mu zauna. Ina nan gindin gawon can."

Na ce in sha Allahu, yau dai ina da kwafin yara da zan duba. Ba ni da kwafin kowa. Na dawo gida ta bayan kasuwa.

Inna ta kira daga gida, Deule. Ta ce autanta ya yi shiru. Na ce rezo ne, Inna, an ce eriyar wajensu ta lalace.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Matata Zaliha ta kai wa baƙin gero da kuka. Da ta dawo ta zauna bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta ce, "Baban Munira, matan can kallona kawai suke yi. Da na ce ni matar wan Mushe ce, wata ta rufe fuska ta shige." Na ce wa zai ba ni ruwan wanka. Ta tashi ta kawo.

Litinin, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kalmar ta fita daga aji. Lokacin hutu na ji yara suna waƙa da tafi, "Bagotiya, Bagotiya," Hamdiya na tsaye jikin bango tana kallon ƙafafunta. Na kore su. A hanya kuma na ji mai shayi yana cewa awakin Gotawa sun shiga irin albasar Alhaji Jima. Mutumin da bai taɓa zama benci ba. Ya faɗe ta kamar da ita aka haife shi.

Na tsawata wa Fahad. Ya ce, "Mushe, ai kai ka rubuta ta a tabulo."

Talata, 14 ga Nuwamba, da yamma

Na hau tudun bayan lakwal inda rezo yake da ƙarfi, na shiga neman asalin kalmar. Shekaru ina koyar da ita ban taɓa tambayar kaina me take nufi ba. Na ga abin da na iya gani, sauran na tura wa wani abokin karatuna da ke koyarwa a Tawa, ya amsa mini da murya.

Ga abin da na fahimta. Goth ɗin nan yadda Rumawa da Girkawa suka ji sunan ne suka rubuta. Su kansu Gut-thiuda suke ce wa kansu, wato jama'ar Gut. Masana suna zaton Gut daga wata kalmarsu ce mai nufin zubawa ko kwarara. Wasu suka ce mutanen da ke zaune inda kogi yake zuba ke nan. Wasu suka ce a'a, maza kawai take nufi, masu zuba iri. Akwai tsibiri can arewacin Turai mai suna kusan haka, ana jin dangi ne. Ba wanda ya tabbata. Abokina ya ce, "Ka ga dai babu wuta a ciki, babu takobi. Ruwa ne."

Tunda ina kan tudun na gwada lambar Usman. Ba zan rubuta ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba, da azahar

Na mayar da darasin. Na ce musu sunan nan ba zagi ba ne, mutane ne suke kiran kansu da shi kamar yadda muke ce wa kanmu Adarawa. Na rubuta zubawa, na ja layi ƙarƙashi. Wani daga baya ya ce, "To ai sun zubo muna." Dariya. Hamdiya ba ta ɗago ba.

Ban iya koyarwa ba yau. Na ba su aikin kwafi na tsaya bakin taga. Daga tagar ajin ana hango kan gawon.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je babban masallaci ba. Zan yi salla a na unguwar gabas.

Asabar, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sabon abu. Fahad ya buga kalmar a wayar yayansa, sai ga hotunan samari da 'yan matan Turai cikin baƙaƙen kaya, leɓe baƙi, ido zagaye da kwalli, wasu zaune kan kaburbura. Hotunan sun zagaya gari kafin azahar. Zaliha ta gan su wajen famfo. Mata suna nuna wa juna suna cewa ga irin su nan, dubi bakin yarinyar nan ta lakwal, masu bautar kabari ne, shi ya sa aka koro su.

Na koma tudun. Ashe bayan mutanen sun shuɗe da daɗewa, wasu masu ilimi a Italiya suka raina ginin manyan coci-cocin da kakanninsu suka yi, suka ce wannan aikin Goth ne, wato aikin ƙauyawa marasa wayewa, alhali Goth ko dutse ɗaya ba su aza a ginin ba. Daga ginin sunan ya koma kan labaran ban tsoro da ake ƙagawa a cikin irin waɗannan kangaye. Daga labaran ya koma kan matasa masu son baƙin tufa da kiɗan baƙin ciki. Kowa ya ɗauka ya liƙa wa wanda ya ga dama. Yanzu ga shi a bakin ƙoramarmu, kan yarinyar da shunin mayafin uwarta ya ɓata wa leɓe.

Na yi wa Zaliha wannan bayanin duka tana tsince wake. Ta bari na gama. Ta ce, "Ka san inda sunan mutanen da suka mutu tun zamanin da ya hito. Gawon can kuma ga shi nan, ko takalmi ba sai ka sa ba."

Na fita.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da safe

Inna ta ce ta yi mafarkinsa yana neman ruwa. Na ce alheri ne. Na ce an kusa gyara eriyar.

Talata, 21 ga Nuwamba, da azahar

Wuta ta tashi jiya a rumbunan gefen gari, na Alhaji Jima da na maƙwabcinsa. Geron bana duka. Na je da bokiti kamar kowa. Ba wanda ya ga mai kunnawa. Yara suna gasa fara a wajen kullum, kowa ya sani, ni ma na yi irin wannan ina yaro. Amma tun hayaƙi bai kwanta ba na ji sunan yana yawo daga baki zuwa baki.

Warin hatsin da ya ƙone yana cikin rigata har yanzu.

Laraba, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

An jefi Hamdiya da dutse wajen famfo. Goshi ya fashe. Majo na asibiti ya ɗinke mata. Duk da haka ta zo aji da rana, da farin bandeji ƙarƙashin baƙin mayafi. Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita. Yau na fara jin muryarta, ƙarama ce, Hausarta da ɗan karkacewar mutanen arewa.

"Mushe, su Gotawan na gaskiya, ina suke yanzu?"

Na ce babu su. Sun narke cikin wasu al'ummu, harshensu ma ya mutu, sai 'yan shafuka da suka rage.

"To mi ya hana sunan ya mutu?"

Ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Mushe Usman shi ya koya min karatu. Shi ba ya bugu." Ta tsaya kamar tana jiran in tambaye ta wani abu. Na ce ta gaida Baba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, da yamma

An yi taro ƙofar maigari. Alhaji Jima bai yi ihu ba, da ma ya yi. Murya ƙasa ƙasa ya yi magana, mutumin da abincin gidansa na shekara ya zama toka. Ya ce shi ba ya ce su suka kunna ba. Amma waɗanda suka koro su sun san hanyar da suka biyo, kuma mu muna da mata da yara. Wannan tsoron gaskiya ne, ni ma ina da shi.

Na miƙe na ce baƙi ne, musulmi ne, manoma ne kamarmu. Na ce sunan da ake kiransu da shi kuskurena ne. Sai na ji bakina ya shiga zancen kogi da zubawa da tsibiri, a gaban mutanen da ke warin hayaƙi. Wani ya yi tsaki. Alhaji ya bari na kai ƙarshe.

"Mushe, ɗana ya ce kai da bakinka ka hwaɗa musu. An ba su masauki, daga baya sunka ƙone gari. Ka hwaɗi ko ba ka hwaɗi ba?"

Na ce na faɗa, amma an fi shekara talatin tsakani, kuma sai da aka...

"To."

Maigari ya ce zai sanar da hukuma a nema musu wani wuri. Direkta Mahfuzu ya ja hannuna ya zaunar da ni. A hanya ya ce in bar wannan babin, in wuce na gaba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, da safe

Zaliha ba ta yi mini magana tun jiya. Ta ajiye koko ta fita.

Asabar, 25 ga Nuwamba, da azahar

An ce kamiyo, babbar motar kaya, zai zo gobe ya kwashe baƙin. Wasu sun ce wajen Madawa za a kai su, wasu sun ce Buza, wasu sun ce gaba. Jandarma biyu suna zaune bakin ƙorama don kada samari su sake jifa.

Na sa takalmi. Na cire. Na sa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je.

Ana ta loda kaya na same shi gindin gawon, zaune kan buzu. Sun sayar da raƙumin da jakunan, don kamiyo ba ya ɗaukar dabba. Ya matsa mini na zauna. Bai ce na makara ba. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi goshin yarinya, gaisuwa ta ƙare, ba sauran abin da zan ɓuya a bayansa.

Na ce, Baba, ina ƙanena.

Ya ce, "Da hantsi masu bindiga sunka zo, bisa moto. Lakwal sunka nema. Yara na ciki. Shi ya hito musu da kanshi, ya jawo ƙyaure ya rufe bayanshi, don kada su shiga." Sannan ya ce, "Ɗana, uban Hamdiya, ya rugo daga gona. Su biyu ne."

Akwai abin da ya ƙara faɗa. Na ji, ya isa.

Ya ce ba su gudu ba sai da suka rufe su. Mutane suna cewa a tafi, za su dawo, ya ce ba mai barin malamin 'ya'yansa a fili. Babu likkafani a garin, sai ya kwance rawaninsa ya raba biyu. Suka yi musu salla, suka sa su kusa da juna gabas da rijiya, suka jera duwatsu.

"Na so in aiko maka tun ranar da munka iso. Na ga kana kewaye ni. Na ce a bar shi, kowa da ƙarfin da Allah ya ba shi."

Na ce Baba, ku yafe mini sunan nan. Ya ce wane suna. Na faɗa masa. Ya ɗan murmusa. Ya ce tun kakanninsa ana kiransu da sunayen da ba su suka zaɓa ba, wannan dai sabo ne, bai ma iya faɗinsa ba.

Direba ya yi oda. Na ɗaga shi ya hau, ba shi da nauyi ko kaɗan. Hamdiya na can tsakiyar mata, ban ga fuskarta ba. Yara suka bi kamiyon da gudu har kan gada. Ban ji abin da suke faɗi ba, ban so in ji ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba, da safe

Za mu Deule. Ba a waya zan faɗa mata ba.

Laraba, 29 ga Nuwamba, bayan azahar

Inna ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce Inna lillahi, ta maimaita, ta ce a shimfiɗa tabarmi a zaure. Game da eriya ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Yau mutanen garin da nake koyarwa suka zo gaisuwa, mota guda, da maigari da Direkta da Alhaji Jima. Sun yi tafiya mai nisa kan mugunyar hanya, Allah ya saka musu. Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji ya matso kusa da ni, idonsa da ƙwalla, don ya san Usman tun yana zuwa hutu wurina. Ya ce, "Mushe, an dai samu yi mishi sutura? Wa ya tsaya a kai, a irin wannan wuri?"

Na ce Gotawa ne, Alhaji. Tsohon da ke zaune gindin gawo, da rawaninsa.

Maigari ya sunkuyar da kai yana jan casbi. Alhaji ya buɗe baki ya rufe. Aka kawo fura, ta zagaya, kusan yadda ta shigo haka ta fita. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ni na ba su kalmar, kuma ni ne na kewaye tsohon ta bayan kasuwa.

Alhamis, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Zaliha ta gaya wa Inna duka, da rawanin da kamiyon. Da safe Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce tana son ta ga mutumin da ya rufe mata ɗa, ta ji daga bakinsa inda kansa yake kallo, ta yi masa godiya.

Na ce Inna, ban san inda aka kai su ba.

Ta ce, "To tambaya. Ba aikinka ke nan ba?"

Na kira meri, ofishin hukumar gari, na kira wani da na sani a Madawa, na kira Buza. Kowa ya ce zai bincika. Wani ya tambaye ni wane suna aka rubuta su da shi. Na ce Alƙasim, da jikarsa Hamdiya. Ya ce Alƙasim ɗin suna da yawa.

Inna ta auna gero ta ƙulle a zane, ta ɗora turmin farin yadi a kai. Ta sa takalmanta na zuwa unguwa. Tun ɗazu tana zaune bakin ƙofa da ƙullin a cinya, duk motar da ta wuce sai ta dube ni.